Zane da Kakin Zuma: Tarihinsa da Dalilin da Ya Sa Bai Tsiro a Wurno da Rabah da Goronyo Ba

1.0 Gabatarwa

Galibin takardun da akan gabatar a irin wannan taro game da sana'o'in Hausawa sukan tsaya ne a kan abin da magabata suka yi. Mu kuwa za mu ɗan karkata, mu dubi wani abin da ba su yi ba alhali kuwa suna da duk kayan yinsa. Abin nan shi ne zane da narkakken kakin zuma, watau a narka kaki a kan wuta, a gauraya shi da garin launi, a shafa bisa katako tun yana da zafi, sa'an nan a sake kara masa wuta don launukan su kama juna. Yunanawa suka raɗa wa wannan hanya suna da kalmarsu enkaustikos, wadda ke nufin ƙonawa ciki. A wannan takarda za mu riƙa ce mata zanen kaki.

Kayan zanen kaki huɗu ne kurum: kaki da launi da katako da wuta. Babu ko ɗaya da ya yi wa mutanen gabashin Sakkwato wuyar samu. Tambayarmu ita ce, me ya hana waɗannan abubuwa haɗuwa a hannun mai zane a Wurno ko Rabah ko Goronyo, kamar yadda suka haɗu a Masar? Ba don nishaɗi muka tayar da ita ba. Mu da ke koyar da zane a kwalejojin horon malamai mun daɗe muna tilasta wa ɗalibai sayen fentin mai na ƙasashen waje, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin iyayen da yawansu, ga kuwa kaki ana zubarwa a bayan gari.

2.0 Zanen Kaki a Inda Ya Samo Asali

Marubucin Rumawa Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, shi ne ya bar mana bayani mafi yawa a cikin babban littafinsa na tarihin halittu. Ya ambaci gwanaye irin su Pausias na birnin Sikiyon, wanda ya yi zamani a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma nuna cewa har jiragen ruwa akan shafe da kaki mai launi, domin rana da gishirin teku ba su cin sa. Akwai wani abu a bayaninsa da ya kamata Bahaushe ya tsaya a kai. Da ya zo faɗin yadda ake gyara kaki ya yi fari, sai ya ce akan tafasa shi cikin ruwan teku a zuba masa wani gishiri, a shanya, a maimaita. Gishirin nan ɗan'uwan kanwarmu ne, irin wadda fatake suka yi ta kawowa daga Barno da Azbin.

Ayyukan waɗannan gwanaye na Yunan duk sun salwanta. Abin da ya tsira ya tsira ne a Afirka, a yankin Fayyum, kimanin kilomita 100 kudu maso yamma da Alƙahira. Daga ƙarni na ɗaya zuwa na uku Miladiyya, lokacin da Masar ke hannun Rumawa, masu hali sukan sa a zana fuskar mutum a kan siririn katako, idan an shafe gawarsa da magunguna an naɗe ta da ƙyallaye sai a ɗaura katakon daidai fuska. Wani dillali na birnin Biyanna, Theodor Graf, ya sayi da yawa a 1887, kana Flinders Petrie na Ingila ya tono wasu a Hawara a 1888, ya sake komawa a 1911. Yau an san kusan dubu a gidajen tarihi na duniya, ko da yake ba duka ne na kaki ba, akwai na ruwa da danƙo.

Wanda ya dubi hoton ɗaya daga cikinsu zai ga sawun aikin ƙuru-ƙuru. Riga da bayan hoto an yi su da burushi, cikin sauri, don kaki ba ya jira. Fuska kuwa an bi ta da ɗan ƙarfe mai ɗumi, an dandanna, an ja, har fata ta fito da tudu da kwari. Launukan ba su da yawa: jar ƙasa, rawayar ƙasa, baƙin gawayi, farin dalma, shuɗi, da wani ja da ake samu daga saiwar tsiro. Binciken da aka yi wa katakan ya nuna mafi yawansu daga Turai aka kawo itacen. Ashe ke nan rashin kaya a gida bai hana sana'a tsayuwa ba, muddin akwai mai biya. Wannan magana za mu komo kanta.

Da aka daina wannan irin jana'iza, sai zanen kaki ya koma majami'un Kirista. Mafi tsufan hotunan ibadarsu da suka rage suna gidan ruhubanawa na Santa Katarina a Dutsen Sina, wasunsu tun ƙarni na shida. Daga baya fentin ƙwai, sa'an nan fentin mai, suka ture shi, domin ba su buƙatar a zauna kusa da murhu. Wani attajirin Faransa, Caylus, ya yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, ya buga bayanin gwaje-gwajensa a 1755. Diego Rivera ya yi zanen bango da shi a birnin Meziko daga 1922 zuwa 1923, Jasper Johns na Amurka kuma ya zana tutar ƙasarsu da shi tsakanin 1954 da 1955. Zuwan murhun lantarki ne ya sauƙaƙa aikin a wannan zamani.

3.0 Kaki da Launi a Gabashin Sakkwato

Yanzu bari mu dawo gida. Wurno ba ƙauye ba ne a tarihin Daular Usmaniyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya kafa ta a matsayin ribaɗi cikin shekarun ƙarshen mulkinsa, don tsare arewa maso gabas daga hare-haren Gobirawa da Azbinawa. Can ya rasu, can kuma kabarinsa yake. Ɗansa Aliyu Babba, 1842 zuwa 1859, can ya zauna, can kuma Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya yi zaman baƙunci a 1853. Rabah ma gidan sarauta ce: daga can Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, 1873 zuwa 1877, ya sami laƙabinsa, can kuma aka haifi jikansa Sardauna Ahmadu Bello. Inda fada take kuwa nan masu sana'a ke taruwa. Bello kansa, a cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya ɗora wa shugaba nauyin rainon masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, ya kuma baza su cikin garuruwa gwargwadon buƙata. Don haka ba za a ce rashin gwanaye ko rashin majiɓinta ne ya hana ba.

Kaki fa? Kiwon zuma tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma Musulmi bai raina ƙudan zuma ba, tun da sura guda ta Alƙur'ani da sunansa take. Akan saƙa amya da ciyawa, a yaɓe ta da kashin shanu, a turara, a ɗora a kan gawo ko tsamiya ko ɗorawa. Da dare ake ɗiba, da wutar kara. Sai dai zumar ake so. Idan an matse saƙa, ko an ɗora ta a wuta ta tsiyaye, ragowar sau da yawa zubarwa ake yi, sai ɗan abin da masu sana'a suka nema.

Ta wajen launi ma ƙasar ba ta yi rowa ba. Masana ilmin duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun ƙasar wannan yanki sunayen garuruwanmu, akwai shimfiɗar Taloka ta wajen Goronyo, da ta Dukamaje, da ta Wurno, da ta Dange, da ta Kalambaina. A kan tuddan akwai jan marmara mai tsatsar ƙarfe, wanda shi ne asalin jar ƙasa da rawayar ƙasa. A shimfiɗun Dukamaje da Dange akwai dutsen jibsin, irin wanda masu zanen Masar kan dama su share fuskar katako da shi kafin su soma aiki. Marina suna da shuni, dukawa suna da karan dafi da kuloko, malamai suna da tawada. In an jera waɗannan kusa da launukan Fayyum, kaɗan ne za a rasa.

To ina kakin da masu sana'a suka nema ya tafi? Baduku yakan goga wa zarensa don ya yi ƙarfi ya ratsa fata. Amma babban mai cin kaki shi ne maƙerin fari, mai aikin tagulla da azurfa, a wajen zubi. Yakan murza kaki ya siffanta munduwa ko zobe ko kayan adon linzami, ya yi masa duk ƙawar da yake so, kana ya lulluɓe shi da yumɓu ya bar ƙofa. In ya bushe sai ya gasa, kakin ya narke ya fice, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce ya fasa yumɓun. Wannan dabara ta daɗe a Afirka ta Yamma. Da irinta aka yi tagullar Igbo-Ukwu tun wajen ƙarni na tara, da ta Ife da ta Bini, da ita kuma maƙeran Azbinawa ke zuba abin wuyan nan na azurfa da aka sani da sunan Agadas. Watau hannun da ya san zafin da kaki ke so, ya san lokacin da yake lanƙwasuwa da lokacin da yake karyewa, yana nan a ƙasarmu tun da daɗewa. Abin lura shi ne, a wajen maƙeri kaki bara ne. Aikinsa ya riƙe siffa na ɗan lokaci ya ba ƙarfe wuri. Ba a taɓa nufin a gan shi a ƙarshen aiki ba.

4.0 Dalilan Rashin Haɗuwa

Amsar da kowa zai fara kawowa ita ce addini, cewa Musulunci ya hana sura. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta ƙoshar ba. Lalle buƙatar da ta raya zanen kaki a Fayyum da Sina, watau fuskar mamaci da hoton ibada, ba ta da gurbi a garin da aka kafa don jihadi da karatu. Musulmi likkafani ne da ƙasa, ba a ajiye fuskarsa. Sai dai malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin surar mai rai mai inuwa, wadda suka haramta, da wadda aka zana a shafe, wadda suka sassauta hukuncinta, kuma ba su hana zanen abin da ba shi da rai ba. Wannan fage ne na malamai, ba za mu yi musu shisshigi ba. Abin da ya shafe mu shi ne, kaki bai san sura ba. Ana iya zana dagi da shi kamar yadda ake iya zana fuska. Mutanen daular kuwa ba su ƙi ado ba: ga zayyanar Alƙur'ani, ga aikin riga, ga adon sirdi, ga irin ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Zariya a shekarun 1830.

A ganinmu babban dalili yana wajen allo. Bahaushe ma yana da al'adar sa launi a kan katako, har ta fi ta Masar yaɗuwa, domin babu gidan da babu allo. Amma allo an yi shi ne don a wanke. Yaro ya rubuta, ya haddace, ya wanke, ya sake rubutawa. Malami ya yi rubutu, a wanke a sha. Saboda haka tawadarmu aka gina ta a kan ƙaro, danƙon da ruwa ke narkarwa, kuma duk launukan malamai suka bi wannan hanya, a allo ne ko a takarda. Kaki kuwa abokin gaban ruwa ne. Allon da aka shafa wa kaki ya tashi daga aiki, tawada ba za ta zauna a kansa ba, ruwa ba zai wanke shi ba. Siffar da ta sa Yunanawa suka so kaki, ita ce ta sa ba shi da amfani ga almajiri. Ko allon zayyana, wanda ake yi don saukar karatu a ajiye, da kayan malamai aka saba yinsa, tun da malamai ne masu yi, sau da yawa ma takarda ake mannawa a yi adon a kanta.

Bango ma ya sami nasa magani. Magina suna da makuba daga kwasfar ɗorawa, suna da laso daga katsin marina, kuma jikin ginin ƙasa yana buƙatar ya sha iska. Fata tana da rini, ƙwarya tana da wuƙa da ƙarfen ƙuna. Kowane fage an riga an cike shi da abin da ya dace da shi.

Akwai kuma tsarin sana'a kansa. Sana'o'inmu na gado ne, kowace da unguwarta da sarkinta, kamar yadda Maƙera Assada take a birnin Sakkwato. Wanda ya san kaki da wuta yana maƙera. Wanda ya san launi da alƙalami yana zaure. Ɗan malam bai zama a gindin zugazugi ba, ɗan maƙeri kuma ba a kai masa Alƙur'ani ya yi wa zayyana. Ilmin biyu yana gari ɗaya, amma ba ya hannu ɗaya. A nan ne misalin katakon Fayyum ke da amfani: can buƙata ta jawo itace daga hayin teku, nan kuwa rashin buƙata ya bar kaki da shuni suna kasuwa ɗaya ba su gaisa ba.

5.0 Ɗakin Zane na Yau

Zanen da ake ratayewa a bango baƙo ne da ya zo tare da boko. Aina Onabolu ya soma koyar da shi a makarantun Ikko, aka kawo Kenneth Murray a 1927, sashen zane na kwalejin fasaha ya koma Zariya a 1955. A 1958 ɗaliban wannan sashe, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu, suna kiran a haɗa dabarun Turawa da gadon gida. Kiran ya yi tasiri ƙwarai ta wajen siffofi da jigogi. Ta wajen kayan aiki kuwa, a azuzuwanmu har yanzu kwalin fenti ne sarki. Masu ginin tukwane sun fi mu sa'a, domin cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, watau Suleja, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi suna, a kan yumɓun ƙasar aka gina ta.

Mun ɗan gwada zanen kaki da ɗalibanmu, da kasko da gawayi da gwangwanayen madara, kuma ya kamata mu faɗi inda muka yi tuntuɓe. Kaki yana narkewa a wajen digiri 63 na ma'aunin santigireti. Ran farko muka ɗora shi kai tsaye a kan garwashi, ya yi zafi fiye da kima, ya yi duhu, hayaƙinsa ya kore mu daga ɗaki. Daga nan muka koma ɗora gwangwanayen a kan faifan ƙarfe, muna aiki a rumfa. Kuma a gargaɗi ɗalibi tun da wuri: in kaki ya kama wuta ba a zuba masa ruwa, rufe shi ake yi.

Jar ƙasa da gawayi da shuni sun shiga kaki lafiya, in an niƙa su sun yi laushi an tankaɗe. Karan dafi ya ƙi, domin rini ne na ruwa, sai an kama shi a jikin farar ƙasa an busar tukuna, yadda mutanen Masar suka yi da jan saiwarsu. Ƙaro ma ba ya narkewa cikin kaki. Akwai kuma launukan da ba mu yarda a kusantar da su wuta ba, musamman rawayan nan na ma'adini da ake gani a tsofaffin littattafai, saboda gubar da ke cikinsa, haka ma farin dalma.

Babbar matsala ita ce bazara. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Kakin ba ya zuba, amma yana laushi, ƙura ta manne masa, yatsa ya bar sawu. Masu zanen Turai da Amurka suna ƙara masa ƙarfi da wani ƙaron itace mai suna damar, da ake kawowa daga kudu maso gabashin Asiya. In muka dogara da shi mun koma gidan jiya, sayen kayan waje. Gwajin da ke gabanmu shi ne na ƙaron hano da na dashi, waɗanda ake sayarwa a matsayin turare a kasuwanninmu, a narka, a tace, a auna taurin da suke bayarwa daga Maris zuwa faɗuwar ruwa.

Samun kakin kansa ma ya ƙara wuya. Sare itatuwa da feshin maganin ƙwari a gonakin rani, irin waɗanda suka yawaita bayan gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, ba su yi wa ƙudan zuma daɗi ba. Ta'addancin 'yan bindiga kuma, tun daga harin da aka kai ƙauyukan ƙasar Rabah a 2018 zuwa na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, ya sa shiga dajin Gundumi da makamantansa ya zama sayar da rai. Duk da haka masu amya na kusa da gari suna nan, kuma in sun san akwai mai sayen saƙar da suka matse, ba za su zubar ba.

Aikin da muka ba ɗalibai a zangon da ya wuce shi ne allon aduwa, irin na makarantar allo, a yi masa zanen dagi da na bakin zayyana kaɗai, ba tare da rubuta aya ba, don kada a kai nassi gaban wuta kafin a ji ta bakin malamai. Wani ɗalibi, ɗan gidan maƙera, bai taɓa burushi ba sam. Tsinken ƙarfe ya ɗora a garwashi, ya riƙa kai shi kusa da kumatunsa yana jin zafinsa kafin ya taɓa kakin, kamar yadda ya ga ana yi a gidansu. Allonsa muka rataye a ɗakin kwano, muna duba shi kowane mako har damina ta sauka.